Kafin sayen na'urar kunna bidiyo a talabijin, a fara duba abin da ke cikin fayilolin

Duk wanda ya daɗe yana tara bidiyo a kwamfuta, a faifan ajiya ko a wayar hannu, wata rana zai so ya kalle su a babban allon talabijin, kuma tambayar da yawanci ake fara yi ita ce wace na'ura ce ta fi kowacce. Wannan tambaya ce da aka yi ta kafin lokacinta. Kafin bidiyo ya bayyana a allo, sai ya fito daga wurin da aka ajiye shi, ya bi ta kebul ko ta iska, ya shiga na'urar da za ta warware shi, sannan ya isa ga talabijin da lasifika, kuma duk inda aka samu tangarɗa, abin da mai kallo zai gani kusan iri ɗaya ne: hoto ya riƙa tsayawa, ko sauti ya ɓace, ko a rubuto masa cewa ba a gane fayil ɗin ba. A ganina, wanda ya san abin da ke cikin fayilolinsa ya riga ya yi rabin zaɓi, wanda kuwa ya fara da sunan kamfani, sa'a ce kawai za ta fisshe shi.

Yana da kyau a fahimci dalilin da ya sa YouTube da Netflix suke aiki lami lafiya a kan na'urar da ta kasa kunna bidiyon da mutum ya ɗauka da hannunsa. Waɗannan kamfanoni ba kwafi ɗaya suke ajiyewa na kowane bidiyo ba. Suna shirya kwafi da yawa masu girma da tsari daban-daban, manhajarsu ta zaɓo wanda ya dace da na'urar da ƙarfin intanet na lokacin, idan intanet ta yi rauni kuma ta sauka zuwa ƙaramin kwafi ba tare da mai kallo ya taɓa komai ba. Fayil ɗin mutum kuwa kwafi ɗaya ne tak, a yadda kyamara ko manhajar da ta samar da shi ta bar shi. Ko dai na'urar ta karanta shi a haka, ko kuma a samu wata kwamfuta a gidan da za ta sauya masa tsari. Yawancin ƙananan na'urorin da ke kasuwa an ƙera su ne domin kallon tashoshin intanet, kunna fayilolin gida kuwa aiki ne na gefe a wurin masu ƙera su.

Haruffan da ke ƙarshen sunan fayil, irin su MP4, MKV, AVI da MOV, sunan mazubi ne kawai. A cikin mazubin akwai hoto mai motsi da aka matse da wani tsari, akwai sauti ɗaya ko fiye da aka matse da nasa tsarin, wani lokaci kuma akwai rubutun fassara da ke fitowa a ƙasan allo. Tsarin matsewar shi ake kira kodek. Lamarin kamar wasiƙa ne a cikin ambulan: buɗe ambulan abu ne daban, iya karanta harshen da aka rubuta wasiƙar da shi kuma abu ne daban. Shi ya sa za a ga fayiloli biyu, dukansu MKV, ɗaya ya tafi sumul, ɗayan ya ƙi buɗewa, kuma shi ya sa rubutun da ke jikin kwali cewa na'ura tana karanta MKV bai gaya wa mai saye wani abin kirki ba.

Kodek ɗin hoto da aka fi cin karo da su ba su da yawa. Faifan DVD yana kan MPEG-2, fayilolin AVI na farkon shekarun 2000 kuma galibi DivX ne ko Xvid. H.264, wanda aka kammala a 2003, shi ne ya fi yaɗuwa, kuma da wuya a samu na'urar zamani da ba ta karanta shi. H.265, wanda aka fi sani da HEVC, ya zo a 2013, yana ba da hoto mai kyau irin na H.264 a fayil da bai kai shi girma ba, kuma a kansa yawancin fayilolin bidiyon 4K, wato masu babban hoto mai tsananin tsafta, suke. Tun 2017 wayoyin iPhone suka koma ɗaukar bidiyo da shi, wayoyin Android da yawa ma suna da shi. Na baya-bayan nan shi ne AV1, wanda ya fito a 2018. Abin lura shi ne yadda na'ura take warware kodek. Ƙananan akwatunan nan ba su da ƙwaƙwalwa mai ƙarfi irin ta kwamfuta, sun dogara ne da wani sashe na musamman da aka gina a cikinsu domin warware wasu kodek ƙayyadaddu. Idan kodek ɗin fayil yana cikin waɗanda sashen ya sani, ko 4K ne zai tafi ba gargada. Idan ba ya ciki, aikin zai koma kan babbar ƙwaƙwalwar, wadda za ta iya jure ƙaramin bidiyo amma ta durƙushe a kan babba, kuma babu wani sabunta manhaja da zai ƙara wa na'ura sashen da ba a ƙera ta da shi ba. Akwai ma tarko a cikin kodek guda: H.264 mai zurfin launi na bit 10 yana gagarar na'urori da yawa waɗanda ke kunna H.264 na yau da kullum ba tare da matsala ba.

Duk wannan ana iya ganinsa cikin ɗan lokaci da manhajar MediaInfo, wadda kyauta ce, ko kuma a sashen bayanan kodek na manhajar kunna bidiyo ta VLC. Mutum ya buɗe fayiloli daga kowane irin tushe da yake da shi, na waya, na tsohuwar kyamara, na faifai, ya rubuta kodek ɗin hoto da na sauti, girman hoton, da yawan bayanan da ke gudana a kowane sakan. Wannan takarda ita ce ma'aunin da za a gwada kowace na'ura da shi.

Sauti ne ya fi ba mutane mamaki, domin hoto zai fito sarai amma a ji shiru. Bidiyon waya kusan kullum sautin AAC yake da shi, wanda ba ya wahalar da kowa. Wanda aka kwafo daga faifan DVD ko Blu-ray kuwa yakan zo da Dolby Digital ko DTS, ko kuma manyan tsare-tsaren da ba a zubar da komai wajen matse su ba, wato Dolby TrueHD da DTS-HD Master Audio. Waɗannan mallakar kamfanoni ne, sai mai ƙera na'ura ya biya lasisi kafin ya sa su, kuma ba kowa ke son biya ba. Samsung ya daina sa DTS a talabijin ɗinsa tun daga samfuran 2018, LG ma ya cire shi a 2020 kafin ya maido da shi a wasu samfuran 2023. Saboda haka fayil ɗin da ya yi magana a tsohon talabijin yana iya yin shiru a sabo, alhali babu abin da ya same shi.

Na'urar kunnawa tana iya bi da sauti ta hanya biyu. Ko dai ta warware shi da kanta ta aika wa talabijin sautin da aka riga aka buɗe, ko kuma ta miƙa shi a dunƙule ga amfilifaya ko doguwar lasifikar nan ta ƙarƙashin talabijin, su warware. Wanda ke sauraro da lasifikar jikin talabijin hanya ta farko kawai yake bukata, kuma bai kamata ya kashe ƙarin kuɗi a kan ta biyu ba, domin kunnensa ba zai ji bambanci ba. Wanda ya kewaye ɗaki da lasifika kuwa, wannan batu na iya zama shi ne mai yanke masa hukunci. Sai kuma ya duba yadda ya jona kayansa: idan sautin zai bi ta cikin talabijin kafin ya isa amfilifaya, tsohuwar hanyar mayar da sauti ta kebul ɗin HDMI, wato ARC, ba ta iya ɗaukar TrueHD, sai sabuwarta eARC, kuma ko da ita ba kowane talabijin ne ke barin DTS ya wuce ta cikinsa ba. Jona na'urar kai tsaye a amfilifaya, sannan amfilifaya ta miƙa hoto ga talabijin, yakan kawar da wannan damuwa gaba ɗaya.

Batun HDR, wato tsarin da ke faɗaɗa tazarar da ke tsakanin haske da duhu, ya daina zama na masu tara finafinai kaɗai tun da iPhone 12 ta fara ɗaukar bidiyo da Dolby Vision a 2020. Tushensa shi ne HDR10, wanda kusan kowace na'urar 4K ke karantawa, sai HDR10+, Dolby Vision da HLG. Talabijin ɗin Samsung ba sa karɓar Dolby Vision, don haka mai irin wannan talabijin bai ƙaru da komai ba idan ya biya ƙari domin akwatin da ke da shi. Alamar rashin jituwa a nan launi ce. Bidiyon HDR da aka nuna a matsayin na yau da kullum yakan fito a koɗe, wani nau'in Dolby Vision kuma, idan na'ura ba ta san shi ba, yakan rine da shunayya da kore.

Rubutun fassara iri biyu ne, kuma bambancinsu yana da tasiri fiye da yadda ake zato. SRT rubutu ne zalla, kusan kowace na'ura tana nuna shi, muddin an ajiye shi da tsarin adana haruffa na UTF-8, in ba haka ba haruffa irin su ƙ, ɗ da ɓ, ko rubutun Larabci, su koma alamomin da ba su karantuwa. PGS na faifan Blu-ray da VobSub na DVD kuwa hotuna ne da ake ɗorawa a kan bidiyo, kuma manhajojin wasu talabijin ba su iya ɗora su.

Bayan an san fayilolin, sai a dubi inda za su zauna. Hanya mafi sauƙi ita ce filash ko faifan ajiya da ake sokawa a kafar USB, kuma ga mai talabijin ɗaya da fayiloli kaɗan ba na ganin dalilin wuce nan. Abu biyu ne ke kawo cikas. Na farko tsarin da aka shirya faifan da shi: FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai gigabait 4, exFAT da NTFS ba su da wannan iyaka, amma ba kowace na'ura ce ke karanta dukansu ba. Na biyu wuta: kafar USB 2.0 miliamfa 500 aka tsara ta ta bayar, ta USB 3.0 kuma 900, kuma faifai mai juyawa da bai samu isasshiyar wuta ba yakan yi ta katsewa a tsakiyar kallo. Wasu shahararrun na'urori ma, irin su Apple TV, ba su da kafar da za a soka faifai.

Idan ana so a kalla a ɗaki fiye da ɗaya, ko fayilolin sun yi yawa, sai a ajiye su a kwamfuta ko a akwatin ajiya na sadarwa da ake kira NAS, a riƙa janyo su ta hanyar sadarwar gida. A nan hanyoyin sun rabu, kuma rabuwar ita ce zuciyar lamarin. A hanya ta farko, wurin ajiyar ba ya yin komai sai buɗe wurin da fayilolin suke ga sauran na'urorin gida ta tsarin raba fayiloli na SMB ko NFS, manhajar da ke kan akwatin talabijin, kamar Kodi, VLC ko Infuse, ita ce ke yin dukan aikin. DLNA ma, tsarin raba bidiyo tsakanin na'urorin gida da aka kafa a 2003 wanda har yanzu yake cikin talabijin da yawa duk da cewa ƙungiyar da ta samar da shi ta rushe a 2017, kusan haka yake, sai dai yakan yi rauni wajen rubutun fassara da tuna inda aka tsaya. A hanya ta biyu, ana sa manhajar sabar, wato manhajar da ke aika bidiyo ga sauran na'urori, kamar Plex, Emby ko Jellyfin, a kan kwamfutar ajiyar. Ita ce ke tsara ɗakin karatun bidiyon, ta tuna abin da kowane mutum a gidan ya kalla, ta kuma yi magana da ƙaramar manhajarta da ke kan talabijin.

Sabar tana da hali uku wajen aika fayil, kuma duk mai son amfani da ita ya kamata ya san su. Idan na'urar tana karanta mazubi da hoto da sauti duka, sabar za ta aika fayil ɗin yadda yake, ba ta taɓa shi ba. Wannan ita ce kunnawa kai tsaye, kuma ita ce abin nema, domin hoto ba ya raguwa, kwamfutar ajiyar ma ba ta wahala. Idan mazubin ne kawai ko sautin ya gagara, sabar za ta sake zuba hoton a wani mazubi ko ta sauya sautin, aikin da ba shi da nauyi. Amma idan kodek ɗin hoton ne na'urar ba ta sani ba, ko hanyar sadarwa ta yi ƙanƙanta, ko an kunna rubutun PGS a manhajar da ba ta iya ɗora shi, to dole sabar ta warware kowane hoto ta sake matse shi nan take, da saurin da bai gaza na kallo ba. Wannan aiki ne mai nauyi ƙwarai, musamman a 4K mai HDR inda sai an sake daidaita launi, kuma kullum hoton da ya fito bai kai na asali ba. Ƙananan akwatunan NAS da yawa ba su iya shi sam. Kwamfuta mai ƙwaƙwalwar Intel da ke da sashen Quick Sync, wanda kamfanin ya fara sawa a 2011, tana yin shi da sauƙi idan ba tsohuwa ce ƙwarai ba. Abin da wannan ke nufi ga mai zaɓe shi ne, ƙarfin da aka rage a wajen talabijin sai an biya shi a wajen sabar. Na fi ganin hikimar sayen na'urar kunnawa mai karanta kusan komai, a bar sabar ta huta, a kan sayen mai rauni sannan a bar kwamfuta tana ta aiki da shan wuta domin rufe mata asiri.

Tsakanin manhajojin sabar, Plex ya fi sauƙin kafawa kuma yana kan kusan kowane talabijin, amma yana bukatar buɗe asusu a wurin kamfanin, sauya tsarin bidiyo da taimakon sashen musamman na ƙwaƙwalwa sai mai biyan kuɗi, kuma daga 2025 kallon bidiyon mutum daga wajen gida ma ya shiga cikin abin da ake biya. Jellyfin, wanda ya ɓalle daga Emby a 2018, kyauta ne gaba ɗaya, rubutun da aka gina manhajar da shi a buɗe yake ga kowa, ba ya neman asusun waje, sai dai yana bukatar mai haƙurin saiti. Ga wanda abin da ya tara bidiyon iyalinsa ne, wannan batu na asusu ba ƙarami ba ne a wurina, domin ya dace mutum ya san wa ke tsaye tsakaninsa da abin da yake nasa. Ya kuma kamata a sani cewa an gina waɗannan manhajoji ne da tunanin finafinai da shirye-shirye, suna ƙoƙarin nemo suna da hoton bango daga intanet. Bidiyon gida sai an sa shi a rukunin da aka keɓe masa, a kuma ba fayilolin suna mai farawa da shekara da wata da rana, in ba haka ba manhajar ta laƙaba musu sunayen finafinan da ba su da alaƙa da su.

Hanyar sadarwa kuma lissafi ne mai sauƙi. Bidiyon 4K mai hotuna 60 a sakan da aka ɗauka da iPhone yana cin kusan megabait 400 a minti, wato sama da megabit 50 a kowane sakan, tun da megabait ɗaya megabit takwas ne. Hoton faifan Blu-ray ba ya wuce megabit 40, na Blu-ray mai 4K kuwa yakan haura 100 a wuraren da motsi ya yi yawa. To, talabijin da yawa, har da masu tsada, kafar kebul ɗin sadarwarsu megabit 100 ce iyakarta, saboda haka shawarar nan ta cewa kebul ya fi Wi-Fi ba kullum take daidai ba: Wi-Fi mai gigahaz 5 a kusa da rauta yana iya fin irin wannan kafa sauri, ko da yake bango yana raunana shi. Na gigahaz 2.4 ya fi nisan zango amma ya fi cunkoso, kuma bai dace da manyan fayiloli ba. Abin da ya fi kwanciyar hankali shi ne na'ura mai kafar gigabit, wato megabit 1,000, da kebul har zuwa rauta. Ƙarfin intanet ɗin da ake saye daga waje bai shiga wannan lissafi ba, tun da fayil ɗin bai fita daga gidan ba.

Akwai wani ƙaramin abu da wasu idanu ke gani nan take, wasu kuma ba su taɓa lura da shi ba. Finafinai hotuna 24 suke da su a sakan, bidiyon tsarin talabijin na PAL 25 ko 50, na waya 30 ko 60. Idan na'ura ta kafe a kan 60 ga kowane bidiyo, dole ta maimaita wasu hotuna fiye da wasu, sai motsin kyamara ya riƙa ɗan tsalle. Na'urar kirki tana sauya saurin allon ya dace da na fayil. Apple TV da Kodi suna da wannan saiti, sai dai a kashe yake zuwa, sai an kunna shi.

Sai yanzu ya dace a yi maganar na'urorin kansu, kuma ta farko ita ce wadda mutum ya riga ya mallaka, wato talabijin ɗin. A fara gwada shi da filash da manhajar Plex ko Jellyfin, domin ga mai bidiyon H.264 da AAC kaɗai yakan wadatar. Rauninsa shi ne sauti da rubutun fassara, da kuma yadda kamfanoni ke daina sabunta manhajarsa tun allon yana da sauran shekaru masu yawa. Roku yana da sauƙin sarrafawa, amma kodek ɗin da yake karɓa ba su da yawa kuma ba a sa masa Kodi, don haka ya fi dacewa da mai sabar mai ƙarfi. Fire TV na Amazon yana karanta HEVC, yana da VLC da Plex a rumbun manhajojinsa, Kodi kuwa sai an shigar da shi ta bayan fage a samfuran da ke ba da damar haka, sannan shafinsa na farko cike yake da talla. Google ya daina ƙera Chromecast a 2024 ya maye gurbinsa da Google TV Streamer, wanda ke da kafar kebul ɗin sadarwa, yana karanta AV1, kuma ana samun Kodi a rumbun Google Play.

Na'urori biyu ne aka fi kai ruwa rana a kansu. Apple TV 4K tare da manhajar Infuse yana kunna kusan kowane fayil cikin sauri da tsafta, amma ba ya miƙa TrueHD a dunƙule, buɗe shi yake yi, don haka bayanan Atmos, wato tsarin Dolby na sauti mai zuwa ta kowane ɓangare har da sama, da ke cikin irin wannan sauti suna ɓacewa. A samfurin 2022 kuma babban ne kawai ke da kafar kebul ɗin sadarwa. Nvidia Shield TV Pro na 2019 yana miƙa TrueHD da DTS-HD yadda suke, yana da kafar gigabit da kafofin USB 3.0 guda biyu, har ma yana iya zama sabar Plex, amma shekarunsa sun nuna: ba shi da sashen warware AV1, ba ya kuma nuna HDR10+. Bayan waɗannan akwai akwatunan da aka ƙera musamman domin fayilolin gida, irin na Zidoo da Dune HD, waɗanda suka ƙware a wannan aiki amma ba lallai su gamsar a tashoshin intanet ba, sai kuma ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi mai tsarin LibreELEC, wanda aka yi domin tafiyar da Kodi, ga mai sha'awar haɗa abinsa da kansa.

Akwatunan Android marasa sanannen suna, waɗanda ake rubuta wa 6K ko 8K a jikin kwali, ina ba da shawarar a guje su. Ba ƙaryar da ke cikin bayanan ƙarfinsu ce kaɗai matsalar ba. A 2023 masu binciken tsaron intanet sun gano irin waɗannan akwatuna da muguwar manhaja a cikinsu tun kafin su isa hannun mai saye, lamarin da aka sa wa suna BADBOX, kuma a 2025 hukumar FBI ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kan sabon salonsa. Na'urar da za a ba izinin shiga wurin da aka ajiye bidiyon iyali ba wurin yin caca ba ce.

Tura bidiyo daga waya zuwa talabijin yana da amfani ga gajeren kallo, amma a bambanta iri biyu. Idan manhaja ta miƙa wa talabijin fayil ɗin ya kunna da kansa, hoton na asali ne. Idan kuwa allon wayar ake haskawa gaba ɗaya, to wayar ce ke sake matse abin da take nunawa, hoto ya ragu, sauti ya riƙa makara, saƙon da ya shigo ma ya fito kowa ya gani.

Wani lokaci maganin ba sabuwar na'ura ba ne. Idan fayiloli kaɗan ne ke gagara, kamar na tsofaffin kyamarorin kaset da ke nuna layi-layi a gefen abu mai motsi saboda tsarin ɗaukarsu na rabin hoto bayan rabin hoto, ya fi sauƙi a sauya su sau ɗaya da manhajar HandBrake zuwa MP4 mai H.264 da AAC, tare da kunna saitin da ke haɗe layukan. Sai dai kada a goge na asali bayan an sauya, domin kowane sauyi yana zubar da wani abu da ba ya dawowa, kuma kasancewar fayil a NAS bai sa ya tsira ba sai akwai kwafinsa a wani faifai daban.

A ƙarshen tantancewa, idan na'urori biyu sun yi kunnen doki, a dubi wanda zai riƙe rimot. Tsarin da mutum ɗaya kaɗai a gidan ya iya sarrafawa ba zai daɗe ana amfani da shi ba, kuma HDMI-CEC, wanda ke sa rimot ɗaya ya kunna talabijin da akwati tare, yana rage wannan wahala sosai. Ranar da na'urar ta iso, tun ana iya mayar da ita, a ɗauko fayilolin da suka fi wuya daga cikin takardar da aka rubuta: mafi nauyin bayanai, mai sautin DTS, mai HDR, mai rubutun PGS, da mafi tsufa. A kunna kowanne daga wurin da zai riƙa zama, ba daga filash ɗin gwaji ba, a tsallaka gaba da baya, a sauya sauti da rubutun fassara a tsakiyar kallo, a bar mafi nauyin ya yi tafiya mai tsawo domin a ga ko zafi zai rage wa na'urar sauri. Mai amfani da sabar kuma ya buɗe shafin kulawarta a daidai wannan lokaci, inda take rubuta ko kai tsaye take aika fayil ɗin ko sauya shi take yi, da kuma dalilin sauyin.